Citta a Buhu, Madara a 'Yar Leda

Manomin Kagarko buhu-buhu yake sayar da abin da ya noma, amma ƙulli-ƙulli yake sayen abin da gidansa zai ci. In ya kai busasshiyar citta kasuwar Kubacha, dillali ne ke yanka mata farashi, shi ma dillalin kunnensa na kan waya, yana jiran abin da masu fitar da kaya waje za su ce daga Legas. In kuɗin ya shigo hannu ya nufi shago, zai tarar an riga an yanka farashin madara da sabulu da sinadarin miya a wani ofis da bai taɓa gani ba. Can ba a shawarce shi ba, nan ma haka. Zancen sayarwa mun sha yin sa, musamman tun daminar 2023 da cutar ruɓewa ta cinye gonakin citta a Kagarko da Kachia da Jaba, ta bar mutane da bashi a wuya. Zancen saye ne ba mu cika zama mu yi ba, domin kuɗin da ke fita ta wannan ƙofa ba ya fita da ƙara. Hamsin ce da safe, ɗari da rana, ɗari biyu da magariba, sai ƙarshen wata magidanci ya rasa inda kuɗinsa ya shiga.

Abin da nake gani shi ne, manyan kamfanoni sun fi mu sanin aljihunmu. Sun auna abin da ke shigo wa talaka a yini, suka yanka kayansu daidai da shi, suka kawo shi har ƙofar gida, suka fara da 'ya'yanmu. Mu kuwa kowa shi kaɗai yake tsayawa a gaban shago, kuma wannan kaɗaici ne ya fi komai rage mana ƙarfi.

Ka tsaya a ƙofar kowane shago a Jere ko cikin garin Kagarko da sassafe. Kafin ka ga fuskar mai shago sai ka kauda jerin ledojin da aka rataye a igiya: madara, garin shayi, garin sabulun wanki, man goge baki, tumatir, man girki. Yarinya za ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu ta ce, "Baba, wai in ji Mama a ba ni magi na hamsin da madara ɗaya." Ya tsinko ya miƙa mata, ya ce, "Ki gaida Maman." Shi ke nan. Ba tayi, ba ragi, ba gyara, ba wanda ya duba nauyin abin da ke cikin ledar. Uwar yarinyar nan kuwa, in ka gan ta ranar kasuwa gaban mai masara, sai ta ɗaga mudu ta duba gindinsa ko an buga shi ciki, ta taya, ta yi kamar za ta tafi, ta dawo. In Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono a ƙofar gidanta, sai ta ɗanɗana, ta ce ya yi ruwa, ta nemi gyara. Duk wayon ciniki da muka gada a kan junanmu muke ƙarar da shi. Da zarar abu ya zo a leda mai sheƙi da rubutun Turanci, sai bakinmu ya mutu.

'Yar ledar nan tana da tarihi. A 1993 ne kamfanin da yanzu ake kira Promasidor ya shigo kasuwar Najeriya da madarar Cowbell. Kafin nan madarar gari a gwangwani take zuwa, kuma ta gidan mai albashi ce. Kamfanin ya yi abu biyu. Ya maye gurbin kitsen nono da man tsirrai, abin da ya sa madarar ta yi araha kuma take jure zafi, sannan ya ƙulla ta a ƙananan ledoji da kowa zai iya saya da canjin da ke hannunsa. Da sauran kamfanoni suka ga kasuwar ta buɗe, sai kowa ya bi sahu, har ya zama da wuya ka ambaci wani kayan masarufi da ba a yanka shi ƙulli-ƙulli ba.

Ba zan ce wannan sharri ne zalla ba. Ɗan ƙwadagon da ake sallama kullum da yamma, da matar da mijinta ke ba ta kuɗin cefane na yini ɗaya, ba su da halin sayen gwangwani, kuma 'yar leda ta sa 'ya'yansu sun sha shayi da madara. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ne zai raina wannan. Amma sauƙin yana da kuɗinsa. Ka ɗauki babban ƙunshi na duk abin da kake saya, ka karanta giram nawa ne, ka raba kuɗinsa, sannan ka yi wa ƙaramar leda irin wannan lissafi. Sau da yawa za ka tarar cewa mai sayen babba a kantin Abuja yana biyan ƙasa da abin da matar ƙauye ke biya a kan cokali guda. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, naira ta faɗi, tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa, sai wata dabara ta ƙara yawa: a bar leda da girmanta da launinta, a rage abin da ke ciki. Uwar gida ta lura cewa garin sabulun da ke wanke kayan yara ya daina isa, sai ta ɗora laifin a kan 'yarta, ta ce ɓarna take yi.

Ita kanta gwamnati ta san ƙarfin ƙaramin ƙulli. Dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, domin kara ɗaya ne yaro ke iya saya. A farkon 2024 hukumar NAFDAC ta fara aiwatar da haramcin giyar leda da ta ƙananan kwalabe, bisa hujjar cewa ta yi arahar da ɗan makaranta zai saya ya ɓoye a aljihun wando. Kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikatansu suka tayar da ƙura, aka yi ta ja-in-ja a kan wa'adin. Sigari kuwa har gobe kara-kara ake sayar da shi a kowace tasha. A wannan yanki namu da matasa ke samun kuɗin citta a dunƙule sau ɗaya a shekara, kowa ya san gidajen da ledar giya da shagon cacar ƙwallo suka raba da jarinsu kafin damina ta dawo.

Talla a rediyo da allunan kan hanya su muka fi gani, amma aikin gaske a bayan kanta ake yin sa. Kamfani zai ba mai shago firji kyauta, da sharaɗin kada ya sa lemon wani a ciki. Zai fenta masa bango da launinsa. Babban dila zai ba shi kaya bashi, a yi masa alkawarin kyauta in ya sayar da katan kaza a wata. Saboda haka in ka shigo da ƙishi a watan Maris, abin da ke da sanyi shi za ka sha. Matar da ta dafa zoɓo ko kunun zaƙi da cittar gonar mijinta tana waje da bokiti, ƙanƙararta na narkewa. Kai a ganinka zaɓi ka yi, alhali an gama zaɓar maka tun ranar da aka sauke firjin.

Sai yara. A ƙarshen shekarun 1980 da Indomie ta fara shigowa, 'yan Najeriya ba su san irin wannan taliya ba. Kamfanin Tolaram na Singafo da abokan hulɗarsa na Indonesiya suka yi haƙuri. Suka kafa masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, suka gina hanyar rarraba kaya tasu ta kansu, suka dafa suka raba kyauta, kuma suka nufi makarantu da ƙungiyoyin yara. Yau suna da masana'anta har a Kaduna, kuma babu teburin mai shayi daga Jere zuwa Kafanchan da ba a soya ta da ƙwai. Yaran da aka fara ba su a makaranta su ne iyaye yanzu. Gasar lissafi ta Cowbell da gasar ƙwallon kwando ta Milo sun taimaki ɗalibai da dama, ban musa ba, amma kamfani ya san abin da yake saya da wannan kuɗi: yaron da ya tashi da sunanka a bakinsa zai yi wuya ya bar ka. Abin da ke damuna shi ne gidan da aka dafa faten acca da ganye, yaro ya ture kwano yana kuka sai an dafa masa ta leda, uwa kuma ta ga kamar gazawarta ce in ba ta saya ba.

Inda abin ya fi shiga jikinmu shi ne tukunyar miya. Julius Maggi mutumin Suwizalan ne, dunƙulen da ke ɗauke da sunansa ya fito a 1908, Nestlé ta mallaki kamfanin Maggi a 1947. Nestlé da kanta ta ce tana sayar da dunƙule kusan miliyan 100 a kullum a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Kafin ya zo, daddawa ce ke riƙe da miyar ƙasar nan, kuma duk wanda ya ga yadda ake yin ta ba zai yi mamakin yadda aka ture ta ba. Sai an kaɗo ɗorawa, a ɓare, a raba garin da kalwa. A ɗora kalwar a wuta yini guda ana ƙara ruwa da itace har ta yi laushi, a zuba a turmi a surfa, a kai rafi ko bakin rijiya a wanke a tsince ɓawon. A sake dafawa, a zuba a kwando a lulluɓe da ganye da tsummoki, a bar ta kwana biyu ko uku har ta tashi, warinta ya cika gida. Sannan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Aikin mata ne, mai cin itace da ƙarfi da lokaci. Dunƙule kuwa ɓare takarda kawai za ki yi. Ba na ganin laifin matar da ta dawo daga gona da yamma ta zaɓi mai sauƙi.

Abin dubawa shi ne abin da aka yi musaya da shi. Daddawa abinci ce mai gina jiki, ga gidan da nama ba ya shiga kullum kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dunƙulen miya, kowane kamfani ne ya yi shi, kaso mai yawa na nauyinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, mu kuwa mukan jefa dunƙule uku ko huɗu sannan mu ƙara gishiri, ga hawan jini ya zama ruwan dare a asibitocinmu. Kamfanonin sun san darajar abin da suka ture, shi ya sa ake sarrafa waken suya a ruɓar da shi a sa a cikin dunƙule don ya kawo ɗanɗanon da harshenmu ya saba da shi. Kuɗin daddawa a unguwa yake zagayawa, daga hannun mai miya zuwa hannun tsohuwar da ta yi ta, zuwa kuɗin makarantar jikanta. Kuɗin dunƙule mota yake hawa. Da daddawa ta rage daraja, itacen ɗorawa ma ya rage daraja, sai ga shi ana sare shi ana gawayi ana lodawa zuwa Abuja. A da, ba kowa ke da ƙarfin halin ɗora gatari a kan ɗorawa ba.

Akwai wurin da ban yarda a yi sassauci ba ko kaɗan, wato abincin jarirai. A shekarun 1970 duniya ta ga yadda tallan madarar gwangwani ya sa iyaye mata a ƙasashe matalauta suka bar shayarwa, suna dama madara da ruwan da ba shi da tsabta, suna tsinka ta don ta daɗe, jarirai na mutuwa da gudawa da tamowa. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan Nestlé a Amurka, abin ya bazu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar tallan irin wannan madara a 1981. A watan Afrilun 2024 kuma ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan tare da ƙungiyar IBFAN mai sa ido kan abincin jarirai suka fitar da rahoto cewa ana ƙara sukari a Cerelac da Nido da ake sayarwa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, alhali irinsu da ake sayarwa a wasu ƙasashen Turai babu ƙarin sukari. Nestlé, mai kayan biyu, ta ce tana bin dokokin kowace ƙasa. To, in haka ne, dokarmu ce ke da rauni, kuma namu ne mu ce a gyara. Kafin nan, ya kamata kowace ungozoma da kowace kaka ta riƙa faɗa wa mai jego cewa nonon uwa zalla na wata shida, sannan kunun gero ko na acca da gyaɗa da waken suya, ba alamar talauci ba ne. Gwangwani a kan tebur ba shi ne shaidar ƙaunar ɗa ba.

Waya ma haka take, sai dai ita ta bar mana darasi mai ƙarfafa gwiwa. Mun saba gani, in ka ci bashin kati na naira 100, 85 ke shigowa, kuma wasu kan wayi gari an sa su cikin wani tsari da ba su nema ba ana cire musu kuɗi. Amma a tuna 2003. A lokacin kiran minti ɗaya naira 50 ne, ko da daƙiƙa biyar ka yi sai ka biya kuɗin minti cikakke, kamfanonin da ke akwai kuma suna cewa lissafin daƙiƙa ba zai yiwu ba sai bayan shekaru. A watan Agusta sabon kamfanin waya na Glo ya fito da shi tun ranar farko. Ranar 19 ga Satumba kuma ɗimbin 'yan Najeriya suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi. Kafin shekara ta ƙare, abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu a kowane layi. Gasa da haɗin kan masu saye ne suka yi wannan aiki, roƙo bai yi shi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mu a Kagarko ba mu rasa hannaye ba. Akwai adashi a kowace unguwa. Akwai Zumuntar Mata a coci, akwai mata 'yan Islamiyya, akwai ƙungiyoyin manoman citta da na 'yan acaɓa. Mata goma da kowace ke sayen garin sabulu da madara da sukari na kullum, in suka haɗa kuɗin mako biyu suka aiki mutum ɗaya ya sayo babban buhu a wurin dila, suka raba da ma'auni a gaban kowa, ribar da ke tafiya a kan leda da talla za ta zauna a hannunsu. Abin yana buƙatar amana, da littafi, da sikeli, kuma za a yi saɓani kamar yadda ake yi a kowane adashi. Lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne lokacin da kuɗin citta ya shigo, kafin ya narke. Masu shaguna kada su ɗauka gaba ake yi da su. Su ma ribarsu a kan leda 'yar kaɗan ce, kuma shagon da ya fara auna kaya da gaskiya daga babban buhu zai samu masu saye.

Haka nan masu daddawa da zoɓo da kunun citta, su ma da aiki a gabansu. Abin da ya ba kamfani nasara ba asiri ba ne: tsabta, awo ɗaya kullum, ƙunshi mai kyau, da samuwa a kowane lokaci. Daddawar da aka busar aka niƙa aka zuba a kwalba mai marfi za ta shiga kicin ɗin ma'aikaciya a Bwari da Kubwa, kuma garuruwan nan a bakin ƙofarmu suke. Limamai da fastoci da shugabannin makarantu na iya tambayar abin da ake sayar wa yara a ƙofar makaranta, da wanda ake bari ya shigo aji da kyautar talla. Mai waya kuma ya san cewa tura STOP zuwa 2442 na tsayar da saƙonnin talla, kuma 622 layin kai ƙara ne na hukumar sadarwa, kyauta.

Sauran aikin na doka ne. Muna da hukumar kare masu saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma ta nuna tana da haƙora: ta ci kamfanin taba na British American Tobacco tarar dala miliyan 110 a 2023, ta ci Meta mai Facebook da WhatsApp dala miliyan 220 a 2024. Amma matar Kushe ko Aribi ba ta san da ita ba, kuma rubutun da ke bayan leda an yi shi da ƙananan baƙaƙe cikin harshen da ba ta karantawa. Ƙasar Chile ta magance irin wannan tun 2016. Duk abincin da sukari ko gishiri ko kitse ya yi wa yawa, dole a buga masa baƙin tambari babba a gaba, an hana sa hotunan zanen yara a jikinsa, an hana sayar da shi a makarantu. Kamfanoni da yawa suka rage sukari da gishiri da kansu don su kauce wa tambarin. Alama ce da ko wanda bai shiga aji ba zai gane. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da aka sa a dokar kuɗi ta 2021 bai kai ya canza komai a shagon ƙauye ba. Ina so in ji ɗan majalisar da ke wakiltar Kachia da Kagarko, da sanatan Kaduna ta Kudu, sun tashi a zauren majalisa sun nemi a tilasta irin wannan tambari, a rubuta nauyin kaya da manyan lambobi a gaban leda, kuma duk kamfanin da ya rage nauyi ya sanar a jikin ledar da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa.